Shekara biyu tuffata na tsaye cak, ga yadda na bi har na gano abin da ke damunta

Dashen tuffa guda shida na shuka a bayan gida, duk masu aure, duk a rana ɗaya, kuma ban ɓoye muku ba a lokacin gani nake nan da shekara uku sai dai in riƙa kyauta da 'ya'ya. Shekarar farko ta wuce ban damu ba don ance dama dashe sai ya kama ƙasa kafin ya fara tafiya. Shekara ta biyu ma ta zo ta wuce, bishiyoyin nan suna nan yadda na kawo su, ba su mutu ba kuma ba su yi gaba ba, ganye ƙanana, rassa sirara kamar tsinken tsintsiya, in ka tsaya kusa da su har yanzu wasu basu wuce ƙirjinka ba. Abin da ya fi ci min rai shine babu wata cuta da zan nuna in ce ga ta, da ma ganyen ya yi baƙi ko kwari sun rufe su ai da na san da wa nake faɗa.

To ni dai kaina abu ɗaya ya ba ni, yunwa ce. Na samo takin zamani na NPK na zuba, na jira sati uku banga komai ba na ƙara yuriya, kuma a gindi nake zubawa dab da jikin bishiyar don a tunanina nan ne bakinta yake. Sakamakon da na samu shine bakin ganyen biyu daga ciki ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, ciyawar da ke kewaye kuwa ta yi kore shar ta yi tsayi har tana neman kai gwiwata. Wato ciyawa na yi wa hidima da kuɗina.

Akwai wani dattijo da ya daɗe yana harkar auren itatuwa, shi na roƙa ya zo ya duba min. Yana zuwa na fara zuba bayani, nace Baba na sa taki kaza na sa kaza, inaga ko wani sinadari ne babu a ƙasar. Bai ce min uffan ba, ya kama reshe ɗaya yana bin sa da yatsa daga sama zuwa ƙasa, can ya tsaya yace zo ka gani yaro. Ashe a jikin kowane reshe akwai wani ɗan zobe mai tattara-tattara, kamar an naɗa zare an cire, nan ne tohon ƙarshe na bara ya zauna kafin ya buɗe, don haka daga wannan zoben zuwa kan reshen shine abin da bishiyar ta ƙara a bana, daga shi zuwa zoben da ke ƙasansa kuma girman bara kenan. Yace ka daina cewa "bata girma", ɗauko tef ka auna ka gaya min santimita nawa. Ƙaramar tuffa da bata fara 'ya'ya ba, in tana lafiya, babban reshenta kan ƙara kamar santimita 30 zuwa 60 a shekara.

Na auna na rubuta a bayan wani kwali. Ta ɗaya 34, ta biyu 38, ta uku 4, ta huɗu 11, ta biyar 9, ta shida 13. Nan na fara jin kunya don ashe biyu daga cikin waɗanda nake zagi lafiyarsu ƙalau, kuma su ne ma na ƙona wa ganye da taki.

Dalilin da yasa suka kasance gajeru shi ne gindin da aka aura su a kai. Duk tuffar da ka saya mai suna bishiya biyu ce aka haɗa, ta sama ita ke ba da irin 'ya'yan da kake so, ta ƙasa mai saiwa ita ke yanke hukuncin iya girman da bishiyar za ta yi. Na koma na tono takardun da aka liƙa musu lokacin saye, Allah yasa ban zubar ba, sai naga ta ɗaya da ta biyu an rubuta M9, sauran huɗun MM106. Harafin M ɗin nan daga East Malling ne, wata cibiyar binciken itatuwa a yankin Kent na Ingila inda aka tantance waɗannan gindaye aka ba su lamba, MM kuma waɗanda suka fitar tare da cibiyar John Innes da take Merton a lokacin. M9 gindin wada ne, ko ta tsufa tsayinta bai cika wuce mita biyu zuwa uku ba, saiwarta ba ta da ƙarfi sosai shi yasa take buƙatar turke duk rayuwarta, amma tana fara 'ya'ya da wuri. MM106 ita ce ya kamata ta yi girma sosai ta fi su, ga shi kuma su ne suka tsumbure. Don haka matsalata ta koma ta bishiya huɗu ba shida ba.

Sai dattijon yace ina wurin auren? Nace wane? Yace kumburin nan da ke ƙasan gangar jiki inda aka haɗa su. Na duba ta uku babu, ta huɗu babu, jikin bishiyar ya shige ƙasa a miƙe sambal kamar an kafa falwaya. Ya miƙo min ƙaramin cokalin haƙa yace tona a hankali, kar ka ji wa bawon ciwo.

Wallahi sai da na yi ƙasa kusan tsawon tafin hannu kafin na ga kumburin auren, sannan na ƙara tono mai yawa kafin in taɓa saiwa ta farko. Na tuna ranar shukar, ramin da na haƙa mai zurfi ne sosai, na cika ƙasansa da taki da ƙasa mai laushi don ina son in kyautata musu, na ɗora dashen na rufe, da aka yi ta ban ruwa ƙasar ta zauna ta ja bishiyar ta nutse da ita, ni kuma duk sanda naga gindin ya lotsa sai in ƙara ƙasa in tara. Kenan da hannuna na binne su. Ya kamata wurin auren ya tsaya sama da ƙasa da kamar santimita 10, saiwar farko kuma tana dab da saman ƙasa, don saiwa numfashi take kamar kowa, yawancin ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa da abinci a sama-sama suke inda iska ke shiga. In ka nutsar da su, musamman a ƙasa mai yumɓu irin tawa, shaƙe su ka yi. Kuma bawon gangar jiki ba a yi shi don zama cikin danshi ba. Akwai ma wata matsalar da ya faɗa min, in auren ya binnu na saman kan iya fitar da tasa saiwar ya yi watsi da gindin, sai ka wayi gari wadar da ka saya ta zama ƙatuwar bishiya, amma nawa ko wannan ƙarfin basu samu ba.

Ta ukun, mai santimita 4, tun ina tono naji wani wari-wari mai tsami, ƙasar jagab take. Dattijon ya zaro 'yar wuƙa ya ɗan kankare bawon a sama, ciki kore ne fes mai danshi. Ya sauko ƙasa da wurin auren ya kankare, sai ga ja-ja mai duhu kamar tsatsa, ya bi ya kewaya, kusan kashi uku cikin huɗu na zagayen gindin duk haka yake. Yace wannan ruɓewar gindi ce, wata ƙwayar cuta da ake kira Phytophthora ke kawo ta, tana son ƙasar da ruwa ke kwanciya, kuma MM106 an san ta da rauni a kan wannan cutar. Nace Baba akwai magani? Yace in kaɗan ta ci za ka iya buɗe gindin ya sha iska ka rage ruwa ka gani, amma wannan ta kusa zagayewa, hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa ta yanke, kar ka wahalar da kanka.

Na ƙi ji, na bar ta wata huɗu ina lallashi, ganyenta ya yi ja-ja tun kafin lokacin zubar ganye ya yi, daga nan bata sake tohowa ba.

Kafin ya tafi ya sa ni gwajin ruwa, abu mai sauƙi da ya kamata in yi tun kafin in sayi dashe ko ɗaya. Ka haƙa rami mai zurfin kamar santimita 30, ka cika da ruwa ka bari ya tsotse, ka sake cikawa sannan ka duba agogo. Na haƙa biyu, ɗaya kusa da ta ɗaya, ɗaya kusa da ta uku. Na farkon cikin 'yan awanni ya shanye tas. Na biyun washegari da safe na zo na tarar da ruwa fiye da rabi yana kallona, ashe wannan kusurwar nan ne ruwan filin gaba ɗaya ke gangarowa ya taru, ido baya gani sai ka tsuguna. Ni kuma ga ni da tiyo kullum safe da yamma ina yayyafa wa kowacce daidai wa daida, wadda ke cikin taɓo da wadda ke kan tudu. Yayyafin kullum ɗin nan ma kuskure ne, sama yake jiƙawa kawai, gara ka ba ta ruwa mai yawa ya ratsa sannan ka ƙyale ta har sai ka cusa yatsa ka ji ƙasar ta fara bushewa. Abin haushin shine bishiyar da ruwa ya yi wa yawa yaushi take yi irin na mai ƙishirwa, saboda saiwar da ta ruɓe bata iya sha, kai kuma kana ganin yaushi sai ka ƙara ruwa.

Maganar ciyawa kuwa har gardama na yi masa, nace ai ciyawa ce kawai gajera, me za ta yi wa bishiya. Yace babbar bishiya ba ruwanta, amma dashe da ciyawa kwano ɗaya suke ci, saiwarsu a zurfi ɗaya take, kuma ciyawa ta fi shi yawan baki da sauri. Da na sa fartanya na ɗaga wani ɓangare na yarda, saiwar ciyawar ta saƙa kanta kamar tabarma har jikin gindin, ƙarƙashinta ƙasar a bushe ƙamas ko da na ba da ruwa da safe. Na share kewayen kowacce, kamar mita ɗaya daga gindi ta ko'ina, da hannu na cire na kusa don kar fartanya ta sare saiwa, na shimfiɗa ruɓaɓɓen taki sama-sama na lulluɓe da ɓawon itace da busassun ganye mai kaurin kamar yatsu huɗu, amma na bar fili tsakaninsa da jikin bishiyar, don in ka tara shi a jikinta ka koma gidan jiya, danshi a bawo, ga ɓeraye su samu maɓoya su riƙa gaigayar bawon.

Ta shida nata labarin daban ne kuma shi ya fi ba ni haushin kaina. Ita ce ta yi fure a shekara ta biyu ta ɗaura 'ya'ya bakwai, murna kamar me, na ɗauki hoto na tura wa duk wanda na sani. Ashe duk ƙarfin da ya kamata ta sa a reshe da saiwa shi ta juye a 'ya'yan nan, waɗanda a ƙarshe ma ƙanana suka fito. Shekara ɗaya zuwa biyun farko tsinke 'ya'yan ake yi tun suna ƙanana, da zafi amma haka ake yi. Sannan ina cikin shafa jikinta naji wani abu ya karce min yatsa, na duba da kyau sai ga siririyar wayar da aka ɗaura lambar suna da ita, lambar ta daɗe da faɗuwa, wayar kuma ta nutse cikin bawo har ya fara haɗiye ta, saman wurin ya kumbura. Da filaya na yanke ta na zaro a hankali. Allah ya taimaka bata gama shaƙe ta ba. Daga ranar na bi duk igiyoyin da na ɗaure su da turke na sassauta, na canza zuwa ƙyalle mai faɗi.

Gwajin ƙasa ma na yi, don har lokacin zuciyata bata daina raya min cewa akwai abin da ya rasa ba. Na ɗebo daga wurare daban-daban na gauraya na kai ɗakin gwaji. Tuffa tana son pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, tsakanin 6 da 7, tawa ta fito 6.6, sauran abubuwan ma babu wanda ya yi ƙasa har a damu. Da ma alamun sun nuna, da sinadarin naitirojin ne ya yi ƙaranci tsofaffin ganye ne za su fara koɗewa, da kuma pH ɗin ƙasar ya yi sama da yawa har ya hana bishiyar ɗaukar sinadarin ƙarfe sabbin ganye ne za su yi rawaya jijiyoyinsu su tsaya kore, ni babu ko ɗaya a ciki. Kwari ma na duba, 'yar darɓa ce a kan sabbin toho da tururuwa na hawa da sauka, na wanke da ruwa aka wuce wurin. Rana kuma suna samun fiye da awa shida, wannan ba matsala bace.

Ta huɗu da ta biyar sai da na jira suka zubar da ganye suka shiga hutu sannan na tone su gaba ɗaya, don ba a tayar da tuffa tana cikin ganye. Ta huɗu zurfi ne kawai matsalarta, saiwarta fara ce mai kyau sai dai kaɗan. Ta biyar kuwa da na ɗago ta sai ta fito cif da siffar ledar da aka rene ta a ciki, shekara biyu da rabi a ƙasa amma saiwar bata fita ko'ina ba, ta yi ta zagaye tana naɗe kanta kamar gammo, wata mai kaurin yatsa har ta kewaye gindin tana matse shi. Ranar shuka na yaga leda na jefa a rami yadda take, ina tsoron in taɓa saiwa kar ta mutu. Ga kuma bangon ramin da shebur ya goge ya yi santsi kamar cikin tukunya, ciki ƙasa mai laushi da taki, waje yumɓu mai tauri, to me zai fitar da ita.

Na jiƙa ta a bokiti na wanke ƙasar, na zauna na warware saiwoyin da yatsu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ƙi miƙewa da wadda ta shaƙe gindin na datse da almakashi mai kaifi, gabana na faɗuwa don gani nake na cire mata kusan kashi ɗaya cikin uku. Sabon ramin mai faɗi na yi, marar zurfi, na farfasa bangonsa da diga, ban zuba taki a ciki ba, ƙasar da na tono ita na mayar. Na ɗan yi tudu na baza saiwoyin a kai ta ko'ina, na gitta sanda a bakin ramin don in ga daidai inda saman ƙasa zai tsaya, na tabbatar auren yana sama sosai. Ta huɗun ma na ɗauke ta daga gangaren na kai ta sama. Ta shida ban tayar da ita ba, nata zurfin kaɗan ne, ƙasar da na tara kawai na janye har saiwar farko ta bayyana.

Daga nan sai jira, kuma nan ne wahalar take ga mai gaggawa irina. Shekarar da ta biyo baya ta huɗu ta ƙara 19, ta shida 27, ta biyar 7 kacal, wato ma ƙasa da da. Na kira dattijon nace Baba inaga na kashe ta biyar ɗin nan fa. Yace ganyen fa, ya girmansa? Nace ya fi na bara faɗi kuma kore ne sosai. Yace to bar ta, aiki take a ƙasa, kuma kar in ji ka zuba mata komai. Takin zamani ban sake sawa ba sai farkon toho na shekara ta gaba, shima ɗan kaɗan, a watse daga nesa da gindi inda bakin rassa ya tsaya, na bi da ruwa.

Bana da na auna ta huɗu 46, ta shida 41, M9 ɗin biyu suna nan a talatin da 'yan kai kuma na bar musu 'ya'ya kaɗan-kaɗan a karon farko. Ta biyar ta yi 24. Bata kai ba tukuna, amma da na kama gangar jikinta na ɗan girgiza naji ta riƙe ƙasa gam, a da kuwa har ƙasar gindin ke motsi tare da ita. Fure tara ta yi, na tsaya na daɗe ina kallonsu sannan na tsinke duka.

Wurin ta ukun har yanzu fili ne. Ban mayar da wata tuffar ba, don ruwa na nan yana taruwa, cutar kuma tana daɗewa a ƙasa, ga shi dama tuffa bata cika jin daɗin ramin da wata tuffar ta fita ba. Na tara ƙasa a can sama kusa da ta ɗaya ina yin tudu, na haƙa ramin gwaji a gefensa na cika da ruwa jiya da yamma, yau da safe na leƙa ya shanye.